Lallen da Na Shafa wa Jan Sa

Jiya maƙwabciyata ta aiko 'yarta in sam mata lemon tsami, wai za su kwaɓa lallen biki. Ba a jima ba ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa, sai da na ajiye farantin. Ga mutane ƙamshin lalle ƙamshin murna ne. Ni kuwa in na shaƙe shi ji nake kamar an kira sunana a gaban alƙali. Bari in gaya maka dalili, mai karatu, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A wani ƙauye kusa da Toranke na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Asalinsu makiyaya ne, amma tun kafin a haife ni suka zauna suka kama noma, shanun da suka rage ba su wuce biyar ba. Abin da bai ragu ba shi ne sanin shanun da ke kan tsohon. In dabba ta ɓace aka gan ta a wani garke, aka yi ta ja-in-ja, shi ake zuwa a ɗauka a kan babur. Ya shafa ƙaho, ya buɗe baki ya taɓa haƙora, ya tambayi kowa alamar dabbarsa, sannan ya faɗi mai ita. In ya faɗa kuwa an gama, har wanda ya rasa ba ya musu, domin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Gonarsa ba ta da girma, rigunansa biyu ne, wannan shaidar ita ce dukiyarsa.

A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, ni ce 'yar jagorarsa. Amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori uku. Shekaruna ba su fi sha biyu ba, amma an san ni da hannun lalle. In na ƙunsa wa mace ƙafa, sai ya yi wata bai koɗe ba, kuma yabon ya shiga kaina sosai.

Muna da wani jan sa, ja wur, mai dogon ƙaho, sai wani fari kamar tafin hannu a kwiɓinsa na hagu. Kakana ya ce farin nan gado ne daga saniyar da mahaifinsa ya bar masa, duk ɗan da ya fito ta tsatsonta da shi yake zuwa. Kowace safiya in na kai kakana turken, a daidai wurin yake ɗora hannunsa, ya daɗe bai ɗauke ba.

Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ƙamshin harawar gyaɗa ya cika gida, sai aka yi shelar za a yi gasar amfanin gona da dabbobi a Gaya, wanda sansa ya zo na ɗaya garma za a ba shi. Baffana, ƙanen mahaifina, ya dawo daga kasuwa da labarin wai alƙalan gasar ba sa son sa mai launi biyu. Ban san wanda ya gaya masa ba, daga baya ma muka ji babu wannan ƙa'idar. Amma Baffa mutum ne da in abu ya shiga kansa ko da guduma ba ya fita.

Aka yi dace da rashin dace, aka zo aka ɗauki kakana zuwa ta'aziyya a Kademi, zai kwana uku. Da hantsi Baffa ya kira ni bayan rumbu inda ya ɗaure san.

"Ke da ake cewa gwana ce, za ki iya rufe farin nan?"

Ban ce masa me zai hana a tambayi tsoho ba. Ban ma yi tunanin haka ba. Abin da na ce shi ne lalle shi kaɗai ba zai yi ba, ruwan goro zai bayar, sai an haɗa da karan dafi irin wanda dukawa ke rina fata da shi. Ka ji, shawarar ma tawa ce. Na jiƙa karan dafin da 'yar kanwa, na kwaɓa lallen da ruwansa, na matsa lemon tsami, na shafe wurin da hannuna, na rufe da ganye na ɗaure da tsumma. Kwana uku ina yi ina sakewa. A rana ta uku da muka wanke, ni kaina sai da na nemi wurin na rasa. Daɗin da na ji a ranar shi ne abin da na fi jin kunyarsa yanzu.

Tun ana gobe gasa Baffa ya tafi Gaya da san. Kakana ya dawo da yamma ya tarar da turke wayam, aka ce masa an yi gaba da shi, ya ce madalla. Da safe muka hau babur ni da shi. Hannuwana sun yi jawur har wuyan hannu, ba irin ƙunshin ado ba, na tura su cikin mayafi.

Filin ya cika da dammunan dawa da kabewa da raguna, lasifika sai ƙara take. San namu na tsaye a layi, mutane sun kewaye shi suna yabawa. Can sai wani magidanci ya kutsa ya riƙe igiyar, ya ce wannan sansa ne da ya ɓace tun damina, ja ne tas babu ɗigon wani launi, ga 'yan'uwansa shaida. Ba na jin mugunta ce ta kawo shi, idonsa har da ƙwalla. Hayaniya ta tashi. Shugaban alƙalan gasar ya ce a yi shiru, ga dattijon da ake kira a irin wannan, kuma yau san daga gidansa ya fito, shi zai faɗi alamar.

Kakana yana zaune a benci, bai ko tashi ba.

"Ku duba kwiɓinsa na hagu. Akwai fari kamar tafin hannu. In babu, ba nawa ba ne."

Aka duba hagu, aka duba dama. Na ji wani a bayana ya ce ashe tsohon ma yana taɓa ƙarya. Na nemi Baffa da ido, na hango shi can bayan mutane yana kallon ƙasa.

Kakana ya ce in kai shi. Dole na fito da hannuna na kama nasa. Ya lalubi kwiɓin san, ya ɗora tafinsa a inda ya saba, ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya ɗago hannuna da ke cikin nasa, a hankali, kamar zai goge gumi da shi, ya kai kusa da hancinsa. Na ji yatsunsa sun matse nawa. A nan ya kamata in yi magana. Sai ya riga ni.

"Lalle ne," in ji shi. "A kira wanzami ya aske wurin. Ni na sa aka shafa."

Wanzami ya zo ya aske, sai ga fata fara-fara a tsakiyar ja, daidai faɗin tafin hannu. Magidancin ya saki igiyar yana ba da haƙuri. Aka cire san daga gasar. Mutane suka yi ta dariya, wani ya tambaya ko amaren shanu ma yanzu ƙunshi ake musu. Garin neman gira muka rasa ido.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ba haka aka yi ba. Baffa ya yi kwana biyu yana sunne kai, ya warware. Ni ko tsawa ba a yi mini ba. Gashin san ya tsiro fari kafin bazara. Kakana ne dai aka daina zuwa ɗauka. In rigimar dabba ta tashi sai mu ji an kira wani, ana cewa mai rina sa ba ya shaidar sa. Da safe yakan sa in shimfiɗa masa buzu a zaure, ya sa rigarsa mai kyau, in ya ji ƙarar babur ya ɗaga kai har ta wuce. Shekara biyu yana haka kafin Allah ya karɓi abinsa.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai kuma daina ce mini amarya ba. Sau ɗaya na tattara ƙarfin hali na ce, "Kaka, ranar nan a Gaya..." Ya katse ni.

"Yarinya mace ce ke, sunanki bai fara tafiya ba tukuna. Nawa ya je inda za shi. Miƙo mini buta."

Yanzu abubuwa sun sauya. Shanu da lamba a kunne suke yawo, in dabba ta ɓace hotonta ake nunawa a waya. A kasuwa ina ganin raguna an fesa musu fenti shuɗi da kore, ba wanda ya damu. Ba a neman tsoho mai shafa ƙaho, kuma waɗanda suka yi dariya a filin nan yawancinsu sun bi shi. Amma a ƙauyenmu har yau in yara za su kwatanta gidanmu, gidan mai lalle suke cewa, ba su ma san mafarin sunan ba.

Ƙarya ɗaya na san kakana ya yi a duniya, kuma ni ya rufe da ita. Ya kamata in faɗa a filin Gaya, hannuna a cikin nasa, ban faɗa ba. To ga shi na faɗa, ko da babu sauran wanda zai amfana: bai sa kowa ba, bai ma sani ba. Ni ce na shafa.