Na Karɓo Jirgi, Na Ba da Ɗan'uwa

A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin basasa, ina da goyon fari, ina tuyar kifi a gindin wata tsamiya a bakin kogin Haɗejiya. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Iyayenmu sun rasu, abin da suka bar mana ni da ƙanina jirgin kamun kifi ne guda, wanda mahaifinmu ya sassaƙa da hannunsa.

A inuwar tsamiyar nan wani tsohon soja ya shimfiɗa tabarmar karta. Ba zan kama sunansa ba, Na-ƙara ake ce masa. A wasan da ya zo da shi, kowa za a ba shi karta biyu a kife, a yi zubi tun kafin a buɗe sauran a tsakiya. Masu wayo sun fi son yin magana a ƙarshe, bayan sun ji ta bakin kowa. Shi kuwa gogan, wurin farko yake zama. Sai ya zuba kaɗan kamar mai jin tsoro, wani ya ɗora, magana ta zagayo kansa, ya ce ya ƙara, ya ninka. Kowa sai ya janye, don an ce wanda ya fara magana kuma ya dawo ya ƙara, sarakuna ne a hannunsa. Ran nan ƙanina ya ce ƙarya yake, ya bi shi har ya sa jirginmu a cacar. Ashe ranar sarakunan ne, har biyu. Na-ƙara ya dube ni yana dariya, ya ce uwar gida a soya masa tsakiyar kifi, yau shi ne mai jirgi.

Na soya masa. Amma tun daga ranar, idona ɗaya na kan kasko, ɗaya na kansa. Sai da ruwa ya janye daga fadama na gano shi. In da kaya a hannunsa, ko motsi ba ya yi. In babu komai kuwa, sai ya zaro goro ya ɓare, ya miƙa wa na kusa kafin ya ce ya ƙara. Na kira ƙanina, wanda ya riga ya rantse ya bar caca, yana ƙwadago a jirgin mutane. Ya ce Yaya a bar shi da Allah. Na ce ai Allah ne ya ba ni ido. Na sayar da kwallayen aurena, na danƙa masa kuɗin, na ce ya jira goro.

Goro ya fito, ƙanina ya bi. Jirgi ya dawo, har da keken Na-ƙara da rediyonsa. Na-ƙara ya miƙe yana karkaɗe wando, na ɗaga murya na tambaye shi ko yau kan kifi za a soya masa. Har gobe in na tuna fuskarsa sanyi nake ji a raina, kuma ban yafe masa ba, ko da kabarinsa aka nuna mini.

Sai dai ƙanina bai sake tashi daga tabarmar nan ba. Kafin wata damina jirgin ya koma hannun wani wanda ba ya cin goro. Kunya ta kore shi daga gari, aka ce an gan shi wajen Birniwa, daga nan shiru.

'Ya'yana, in an cuci naku a caca, ku ja hannunsa ku yi nesa, kada ku mayar da shi neman ramuwa. Yaron nan ya tuba, ni na kamo shi na zaunar da shi. Ramuwa kam na rama. Amma har yau in na ji an ɓare goro, sai na waiga ko ƙanina ne ya dawo.