Haruna Shofer Bai Saci Baƙin Mai Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wanke tukwane a bayan rumfata a Ɗan Issa wani mai jaki ya shaida mini Haruna Shofer na Madarunfa ya rasu, har an kai shi makwanci. Na ce wane Haruna? Ya ce, "Wanda Nasara ya kora kan satar mai mana." Mutum yana cikin ƙasa, amma da wannan suna ake kwatanta shi! Raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba.

Kaka biyar muka yi tare a motar wani Nasara mai sayen gyaɗa. Kamiyo ce, babbar motar kaya, da aka kafa wa ɗaki a baya, da gado da tebur da wurin girki. Ni ne kuku, Yaya Haruna ke tuƙi. Ban taɓa ganin mai tsantseni a kan baƙin mai kamarsa ba. In zai auna, sai ya ce, "Illo, ba ni ƙwarya da ruwa." Ya ɗora ta a tebur, in ruwan ya karkata sai ya matsa da mota har ya daidaita. Ya kashe moter, wato inji, ya tafi ya yi alwala, don man da ya hau sama ya sauko. Sannan ya zaro tsinken awo, ya goge da tsumma, ya mayar har ƙarshe, ya sake zarowa. Yakan ce, "Ba a tambayar mota tana haki." In na yi masa tsiya kan goge-gogen, sai ya ce, "Awon farko gaisuwa ce, na biyu shi ne magana."

Ran da abin ya faru mun sauka a gangaren tafki, don maigidan yana son iskar ruwa. Haruna ya tafi sallar la'asar. Ko kashe mota ba a daɗe da yi ba, Nasaran ya buɗe gaban motar da kansa, ya zaro tsinke sau ɗaya, ya ga mai a can ƙasa. Da ma kwana biyu kafin nan ya ba Haruna sabon bido, wato galan na baƙin mai, ya zuba. Haruna na dawowa ya tare shi da ihu a gaban masu auna gyaɗa, wai ya sayar da man.

Haruna ya kira shi yadda ake kiran maigida da Faransanci, ya ce, "Mushe, motar ga a karkace take. Bari in hau da ita tudu mu auna, in babu ka kai ni gidan kaso."

Nasaran ya ƙi, ya karɓe makulli. Haruna ya juyo ya dube ni, don a gabana ya juye bidon nan ƙaf a cikin moter. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina yankan albasa. Tsoron rasa aiki ya ɗaure mini baki. Allah wadaran wannan albasa.

Sabon shofer da aka ɗauko, a gangaren nan ya riƙa aunawa yana ƙara mai, har ya cika ya wuce ƙa'ida. Ba a yi sati biyu ba motar ta turnuƙe da hayaƙi a hanyar Gabi, ta mutu. Makanikin da ya zo daga Maraɗi ya faɗi dalili a gaban kowa: mai ne ya yi mata yawa, don an auna a karkace. Shin akwai wanda ya taka ya je ya ba Haruna haƙuri? Ba Nasara ba, ba masu awo ba, ba ni ba. Ƙarya ta zaga kasuwanni, gaskiya ta tsaya a bakin hanyar Gabi. Ba mai mota da ya sake ba shi makulli. Ya koma noman gero, kuma ko sau ɗaya bai goranta mini ba. In mun haɗu shi ke fara gaishe ni, abin da ya fi duka ƙona mini rai.

Bara babban ɗansa Sani ya same ni a rumfa, ya ce, "Baba Illo, kai kana wurin. Da gaske ne?" Na ce masa Allah ne masani. Kunya ce ta sa na sake yin ƙarya da sunan Allah.

To Sani, ga amsarka, kuma zan maimaita ta da bakina a ƙofar gidanku ranar sadakar uku, kowa ya ji. Ubanka bai ɗauki ko ɗigo ba. Da idona na ga ya zuba man, na yi shiru.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya auna masa ayyukansa da awon da ba ya karkata. Allah ya ba matarsa Inna Hajo haƙuri, ya raya Sani da ƙannensa su ɗaga kai in an ambaci mahaifinsu. Ni kuma ku taya ni roƙo, don wanda ya kamata in nemi gafararsa ba zai ƙara jina ba. Amin.