Da Yawa Suna Komowa

Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Sukukutane. Mahaifina manomin gero ne, ba a taɓa jin ya ɗauki ko zangarniyar wani ba. Na yi lakwal har aji na biyar, sai aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Rumbunmu bai kai mu rani ba. Na ajiye karatu na bi wana zuwa Dogon Dutsi, inda yake tsaron shagon wani ɗan kasuwa. Wan nawa ne ya tsaya mini aka ba ni moto ina kabu-kabu.

Samari, da satar esansi, wato man fetur, na fara. In abokan aiki suka tafi salla suka bar motocinsu a tasha, sai in zuƙi kaɗan in zuba a nawa. Ba wanda ya lura. Daga nan na koma musanya sabon batir da tsoho. Wani da muke shan shayi tare ya gane ni, amma bai tona ni ba. Cewa ya yi, "Kai da ke da hannu haka, mi ya sa kake wasa da ƙanana?" Shi ya nuna mini hanyar daji da ake bi da moto a ƙetare iyaka, a sayar, a komo a mota kamar wanda ya je gaisuwa.

Moton da ya kai ni kaso, wato gidan yari, na wani bawan Allah ne daga wajen Ɗan Kassari. Ya kawo matarsa gidan likita tana naƙuda, ya ruga ciki da ita, ya bar makulli a jiki. Da ya fito da takardar magani a hannu don ya je saye, ni na yi nisa. Jandarmomi suka tare ni kafin iyaka. A gaban alƙali na ji cewa da ƙafa ya yi ta yawon neman maganin, kuma jaririn bai zo da rai ba. Ba wanda ya ce ni na kashe shi. Ni ma ban sani ba, kuma rashin sanin nan bai bar ni ba har yau.

Ina cikin shekara ta biyu a kaso wani ɗalibin jami'a ya zo daga Yamai, ana ce masa Mushe Isufu. Bincike yake yi a kan masu laifi. Gardi ya riƙa fito da mu ɗaya bayan ɗaya muna zama da shi a inuwar bango. Ya tambaye ni ko ubana na da rai, a wane aji na bar lakwal, da su wa nake zama a tasha, sau nawa muke cin abinci a gida.

Na ce, "Mushe, mi ya haɗa tuwon gidanmu da sata?"

Ya ce akwai masana da suke ɗaukar laifi kamar cuta: yana da sanadi, kuma ana iya gano sanadin in aka duba mutane da yawa aka auna, maimakon a tsaya ga zato. Ya ce a da can har kan ɓarawo da kunnuwansa wasu suke aunawa, suna cewa da satarsa aka haife shi, amma an daɗe da watsar da wannan. Yanzu talauci ake dubawa, da barin karatu, da abokan zama.

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ashe fari ne ya yi satar, ba ni ba. Cikin jin daɗin nan na tambaye shi, "To irinmu, in aka sake mu, yaya muke ƙarewa?"

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Da yawa suna komowa."

Ba sai ya rantse ba, don na gani da idona. Wani dattijo a ɗakinmu zuwansa na huɗu ke nan. Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Ina zaune sai in tsinci kaina ina shafa kunnena, ina tunanin ko dai masu awon nan na da sun yi gaskiya. Ana haka Inna ta kawo mini ziyara da ƙullin turare. Ta ce ta je wurin wata 'yar bori, an gaya mata doguwa ce ta hau ni. "Wanga aiki ba naka ba ne, ɗana, sa ka aka yi." Don ta kwantar mini da hankali ta faɗa, amma sai ta ƙara mini tsoro. In wani abu ne ke riƙe da hannuna, ko yunwa ko iska, to yaya zan ƙwace?

Da Mushe Isufu ya sake zuwa, na roƙi gardi ya kai ni wurinsa. Na ce, "Don Allah gaya mini gaskiya, ina cikin masu komowa?"

Ya ce, "Ban sani ba. Awona yana nuna mini halin taron mutane, ba ya nuna mini kai. Wanka mai tsaron shago fa, ba tukunya ɗaya kuka ci ba?"

Na ce tukunya ɗaya.

Ya ce, "To shi ma yana cikin abin da nake son in gane, kuma ban gane ba tukuna."

Da aka sake ni, wana ya karɓe ni ba tare da ya yi mini gori ba. Ya ce, "Ba iska ba ce, kai ne. Ka tuba, Allah na karɓa." Na tuba. Ya samo mini amalanken jaki ina dakon kaya daga tasha zuwa shaguna.

Wata ranar kasuwa da azahar na sauke buhunan wake a bayan wata rumfa, sai ga moto sabo a tsaye, makulli na lilo a jiki, ba kowa kusa. Kafin in ankara idona ya riga ya auna hanyar fita, ƙafata ta matsa. Na ji muryar nan a kunnena: da yawa suna komowa. Na damƙe igiyar jakin har ta shata mini tafin hannu, na buɗe baki na kwarma ihu, "Mai moto! Ina mai moto?"

Wani mutum ya fito daga rumfa a guje. Ya dube ni, ya gane ni. Ya zare makullinsa ya ce, "Ba kai ne ɓarawon nan ba? Mi kake yi a nan?" Bai gode ba. Na ja jakina na tafi, na zauna a gindin wata bishiyar bedi.

Samari, yunwa gaskiya ce, barin lakwal ma yana jefa mutum inda bai zata ba. Mai musun wannan bai ɗanɗana ba. Amma kada ku bari a ce muku an gama rubuta ku, kuma kada ku ce wa kanku haka don ku samu hujja. Ku dubi wanda kuke shan shayi da shi. In zuciya ta fara raya muku abu, ku faɗa wa wani da baki tun ba ku miƙa hannu ba. Zaman kaso yana ƙarewa, amma mutum ya riƙa tsoron hannunsa, wannan ban ga ƙarshensa ba tukuna.

Har gobe in na ga makulli a jikin moto sai na ɗaga murya. 'Yan kasuwa na yi mini dariya, sun laƙaba mini Sankira, wato mai shela. In suka kira, ina amsawa da sauri.