Gwaggo da Miyar Lalo a Alƙahira

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Gwaggo gani, 'ya'yanta suka yanke shawarar a kai ta Masar a yi mata aiki. Ni aka zaɓa in raka ta, saboda ina koyar da Larabci a wata islamiyya a Ikara, kowa na ganin in na buɗe baki Larabawa za su yi tsit su saurara. Suna saurarawa kam, sai dai in na gama dariya suke yi. Direban da ya ɗauko mu daga filin jirgi cewa ya yi tunda yake bai taɓa jin an yi masa kwatancen gida da muryar huɗubar Juma'a ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A Kurmin Kogi ta yi aure cikin Fulani, ta kwashe kunyarsu kaf har ta fi su. Shekara arba'in suna tare da mijinta, bai taɓa ganin tana tauna ba. Ko yunwa za ta kayar da ita, in ka tambaya sai ta ce yanzun nan ta cire hannu daga kwano.

Mun kama ɗaki a wani bene kusa da asibitin. Mai gidan wata bazawara ce kakkaura, mai murya kamar ana kiran sallah, tana zaune a hawan da ke samanmu, don haka muka sa mata Hajiyar Sama. Kwana biyu da yi wa Gwaggo aiki, idonta ɗaya na naɗe da bandeji, matar nan ta sauko ta ce gobe a wurinta za mu ci abincin rana, ba ta kuma tsaya jin amsa ba.

Muna hawa matakala Gwaggo ta matse min hannu.

"Ke, loma uku ki janye hannu. Kada a ce yunwa ce ta koro mu daga ƙasarmu."

Da muka shiga na ga teburin, na ɗauka akwai wasu baƙin da ake jira. Ga shinkafa tuli, ga kifi, ga ganyen kabeji an nannaɗe da shinkafa a ciki kamar yatsu, ga tantabaru takwas an cusa musu hatsi sun yi rigingine. Mu biyu ne kawai baƙin.

Gwaggo ta juya gefe, ta ja mayafi ta kare baki, ta yi lomarta uku, ta ce alhamdulillahi. Hajiyar Sama ta dafe ƙirji. Ta kira 'yarta daga kicin tana nuna farantin kamar an yi mutuwa a cikinsa. Sai ta matso da kujerarta ta dubi Gwaggo ta ce, "Kuli! Kuli!" wato ci, ci.

Gwaggo ta sunkuyo wajen kunnena. "Ya aka yi ta san muna da ƙuli-ƙuli a jaka? Ke kika faɗa mata?"

Kafin in gama dariya in yi bayani, matar nan ta yage cinyar tantabara da hannunta, ta ɗage mayafin Gwaggo, ta tura mata a baki. Gwaggo ta ƙame. Ba halin tofarwa, ba halin haɗiyewa da ƙashi. A gaban mutum uku, dattijuwar nan ta tauna. Na dubi silin, don na san in idonmu ya haɗu har mu koma gida ba za ta yafe min ba.

Hajiyar Sama ta koma kicin ɗauko wani abu. Muka ji cuuu, man tafarnuwa ya faɗa tukunya, tare da shi kuma matar ta ja wani irin numfashi mai ƙara kamar wadda aka soka. Gwaggo ta miƙe da salati, da idonta ɗaya ta yi kicin tana cin karo da kujeru, tana cewa in nemo gishiri a zuba wa ƙunar. Muka tarar da matar lafiya lau tana murmushi. 'Yarta ta gaya min al'adarsu ce, wai in ba a yi wannan jan numfashin ba miyar ba ta daɗi.

Gwaggo ta leƙa tukunyar. Ta shinshina. Ta ɗaga ludayi ta ga miyar kore shar tana yauƙi.

"Lalo ne! Wallahi lalo ne! Abin da ke fitowa bayan dangarmu da damina, awaki na ci, shi ne aka yi wa wannan kururuwar?"

Aka zuba mata a kwanon tangaran da cokali. Ta sha, ta sake sha, ta manta da mayafi. Sai da ta ga ƙasan kwanon ta ce min in gaya wa matar hannunta na da daɗi, amma an zalunci lalon nan, don babu tuwo, babu daddawa.

Na fassara da ladabi, na rage kaifin. Duk da haka Hajiyar Sama ta gane, ta ce to gobe kicin na Gwaggo ne.

Washegari Gwaggo ta ɗaura zani a ƙugu, ta tuƙa tuwon shinkafa da wani ƙaton cokalin katako tunda babu muciya. Da ta jefa daddawar da muka zo da ita daga kasuwar Makarfi, 'yar gidan ta buɗe tagogi duka, wata maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko bututun ruwa ne ya fashe. Hajiyar Sama ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta zauna, Gwaggo ta koya mata yanka loma da yin rami da babban yatsa. Miya ta gangaro mata har gwiwar hannu, yaji ya sa ta hawaye, ta cinye malmala biyu ta sumbaci Gwaggo a goshi.

Sauran kwanakin da muka yi, ban ƙara zama tafinta ba. In na tashi da safe sai in tarar Gwaggo ta riga ta hau sama, suna tsinke ganye a faranti ɗaya, wannan na zuba Larabci, waccan na amsawa da Hausa, wani lokaci da Fillanci. Ranar da aka cire bandejin, Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙawarta, sannan ta ce min, "Ashe kyakkyawa ce. Da na ɗauka rabinta kujera ce."

Har yau duk sallah sai an kira ni daga Kurmin Kogi in je da wayata. In na haɗa su suna ganin juna, Gwaggo ta tambayi gida da yara da gajiya da sanyi ɗaya bayan ɗaya, Hajiyar Sama na can tana ihu da nata. Sukan yi kusan rabin awa, har cajin wayar ya kusa ƙarewa, sannan Gwaggo ta miƙo min ta ce, "Tana gaishe ki. Ta ce 'yar tata ta haihu." Da na kira daga baya na tambaya, na tarar haihuwar kuwa aka yi.