Taku Ashirin a Bayan Ticha

Goggona mai ɗinki ce. Shekara talatin da ɗoriya tana taka keke ɗaya, har gwiwarta ta hagu ta fara ƙara idan za ta miƙe. Ba ta yi boko ba, sai ga shi ta auri malamin Turanci, wanda duk unguwa ke kira Ticha, mutumin da ko gishiri zai ce a miƙo masa sai ya haɗa da darasi.

A gidansu na tashi, don haka na sha darasi har na ƙoshi. Wanda ya fi so shi ne na bin mutum. Sai ya ajiye cokali ya ce Bature ba ya haɗa wanda ya rufa wa ɓarawo baya a guje da wanda ke tafe a bayan uwarsa zuwa kasuwa: na farko chase, na biyu follow. Maharbi mai bin sawu da kalmarsa, ɗan sandan ciki mai bin mutum a ɓoye shi ma da tasa. Goggo ko ɗaga kai daga keken ba ta yi.

"Malam, abincinka yana hucewa. Bi shi da duk wadda ka ga dama."

Shekara uku da suka wuce mantuwa ta kama Ticha. Ya fara da makulli, sai sunayen jikoki, daga baya ita kanta Goggo yake ce wa "sannu baiwar Allah". Abu ɗaya ya rage masa. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai sa riga, ya saƙala biro a aljihu, ya kama hanyar makarantar da ya bari tuntuni. Tsakanin gida da makarantar kuwa akwai babban titi, mahaɗar manyan motoci.

'Ya'yansa suka ce a sa kwaɗo a ƙofa. Aka sa. Kwana biyu yana zaune a bakin ƙofar yana kuka, ya ƙi cin komai. Goggo ta cire kwaɗon da hannunta ta jefa a kwandon ƙyallaye.

Wata safiya tana banɗaki ya fice. Ni kuwa sarkin azarɓaɓi na ɗiba a guje ina ƙwala masa kira. Ya waiwayo ya ga wata mata ta nufo shi gadan-gadan, bai gane ni ba, ya firgita ya faɗa titi. Har yau ina jin ƙarar birkin nan a kunnena. Direban ya zage ni tas, kuma ya yi daidai.

Goggo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi.

"Ke, ba a korarsa," ta ce. "Binsa ake yi. Gobe ki zo ki gani."

Na je na gani. Takan bar shi ya yi taku ashirin kafin ta fito. Idan ya tsaya gaban mai jarida, ita ma sai ta tsaya tana duba tumatirin da ba za ta saya ba. Dab da titi sai ta ƙara sauri, ta tsaya gefensa ta ɓangaren da motoci ke zuwa, kamar wata baƙuwa mai jiran tsallakawa. Su tsallaka tare, ta sake ja da baya. A ƙofar makaranta mai gadi zai miƙe ya ce, "Ticha, ai yau hutu ne." Ita ta roƙe shi ya riƙa faɗar haka. Ticha ya duba agogonsa da ya daɗe da tsayawa, ya juyo gida a natse. Haka ake yi, kullum hutu, kullum tana bayansa da wannan gwiwar.

Makon jiya gwiwar ta kumbura, ko tsakar gida ba ta iya takawa. Na karɓe ta. Na ƙirga taku ashirin ɗina, na yi duk yadda na ga tana yi. Amma Ticha sai waiwaye yake. Da muka isa titi na matso gefensa, ya ƙi tsallakawa.

"'Yata," ya ce, "ba ki ga wata mata a baya ba? Kullum tana bina. Ban san ta ba, amma ba korata take yi ba, na san bambancin. Ƙafarta na ciwo, shi ya sa nake tafiya a hankali."

Ya ƙara duba hanya, ya gyara bironsa.

"Bari in koma. Kada ta fito ta rasa ni."

Na tarar da Goggo a kan tabarma tana ɗinka maɓalli da hannu. Na gaya mata duka, ina kuka kamar sakarya. Ta ƙarasa ɗinka maɓallin, ta tsinke zaren. Can ta ce in miƙo mata man zafi, in kuma nemo mata sandar nan da ke bayan ƙofa, don gobe da bakwai za ta fita.