Rahoton Alhaji Tankari

Cikin duk 'yan Maradi da ke birnin Guangzhou na China, Alhaji Tankari ne kaɗai maganarsa ta hau kwalin magani. Shi ya faɗa mini haka a shagonsa na shadda da ke benen Tianxiu, ni kuma ba na musu da dattijo.

Ciwon ɓarin kai ya daɗe yana wahalar da shi. In ya taso, sai ya kashe fitila ya kwanta bayan dilolin shadda, masu saye su wuce maƙwabta. A shekarar da aka yi wasannin Olamfik a China wani asibiti ya nemi masu irin ciwon don gwajin sabon magani. Na'ura ba ta auna zafinsa, sai abin da mai ciwon ya faɗa. Amininsa Ghali, Bakano mai jin Sinanci, ya zama tafinta.

Duk zuwa likita takan ce, "Yaya kan?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji Tankari, ido ɗaya a rufe, jijiyar goshi na harbawa.

Da sauƙin ya yi yawa, likita ta yi murna, ta ce za a sallame shi.

Ghali ya ce, "Alhaji, ba dubiya ta zo ba. Da ciwonka za su sallame ka."

"Kai Bakano! In kai ƙarar Ubangijina wajen 'yar China?"

"Ba ƙara ba ce. In kwantenarka ta isa Kwatano kaya a jiƙe, da sauƙi kake ce wa mai kamfani?"

Tankari ya gyara hula. Daga nan ya buɗe baki kamar wanda aka jiƙa wa kwantena. Ya faɗi ɓarin da ke sarawa, da hasken da ke sokar ido, da amai, har da barcin da ke kwashe shi bayan azahar. Likita ta rubuta duka, aka ƙara masa ƙarfin maganin.

Ciwon ya lafa. Ya kalli bikin rufe wasannin Olamfik a talabijin a wani gidan abinci na unguwar Dengfeng, fitilu a kunne, ya fi kowa ihu, alhali bai san wa ya ci ba.

Da maganin ya fito, an rubuta a kwalin cewa yana iya sa barcin rana. Kwalin na nan kan kantarsa, kowa ya shigo sai Ghali ya karanta masa.

Matarsa Hajiya Raliya ta ce tun suna Maradi yake barci bayan azahar.