Gado mai shuɗiyar ƙafa

Shekarun baya, tun gari bai hargitse ba, na dawo gidanmu a unguwar Alsawra bayan aurena ya mutu a garin Madani. Ina can mahaifina ya rasu, ban samu jana'izarsa ba. Don kada in zauna ina kallon bango, sai na buɗe rauda a tsakar gidanmu, wato makarantar yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba.

Kowace Alhamis muna wasan motsa jiki. Nakan jera tsofaffin tayoyi su bi ta ciki da tsalle, sannan su taka wani katako da na ɗora kan bulo biyu, hannuwa a buɗe kada su faɗi. A ƙarshe su yi rarrafe ta ƙarƙashin angarib, gadon nan namu na itace mai saƙar igiya. A ɗakin shirgi na samo shi, ƙafarsa ɗaya shuɗiya, an ɗaure ta da waya. Shi yaran suka fi so. Mahaifiyata kan zauna a inuwa da kofin jabana, gahawar nan tamu, tana kallonsu.

Ba a yi wata guda ba na lura yara na raguwa ran Alhamis. Wannan zazzaɓi, wancan sun yi baƙi, ran Lahadi kuma su zo garau. Wata safiya wata uwa ta leƙo, ta dubi filin wasan, ta ja hannun ɗanta ta juya.

Akwai wata Hajja a layin bayanmu, ita ma tana da rauda. Sau biyu na iske ta tsaye da iyayen yarana, ina isowa suka yi shiru. Na ce a raina, ita ce. Gaisuwarta ta fara yi min kama da ba'a. Ta aiko mana da zalabiya, irin fanken nan namu, na ƙi ci. Har tayoyin na bi ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa ko an sa laya. Ko kunama ban samu ba, balle laya.

Na ce wa mahaifiyata, "Yumma, matar nan so take ta kwashe min yara."

"Kin ji da kunnenki?"

"Ban ji ba, amma na gani."

"To sha shayinki."

Yadda ta kau da kai ya sa ita ma na fara zarginta da ɓoye min wani abu.

Ranar da yara huɗu kacal suka zo, na ga raudar za ta rufe. Na yafa mayafi na tafi gidan Hajja. Na same ta tana yanka kuɓewa.

"Hajja, me na yi miki?"

"Ustaza, ba ko sallama? Zauna tukuna."

"Ba zama na zo yi ba. Me kike gaya wa iyayen yarana?"

Ta ajiye wuƙar. "Ni? Wallahi haƙuri nake ba su, ina cewa ba ki sani ba. Gadon nan mai shuɗiyar ƙafa, shi ya ɗauki babanki zuwa maƙabarta. Daga nan innarki ta bar shi sadaka, duk wanda ya rasu a unguwar nan a kansa ake fita da shi. Wace uwa za ta so ganin ɗanta a ƙarƙashinsa? Kunyar innarki suke ji, shi ya sa ba wadda ta faɗa miki."

Sai a lokacin na zauna.

Da na koma gida na ce, "Yumma, me ya sa ba ki gaya min ba?"

Ta daɗe tana juya kofin a hannunta. "Ranar farko na so in faɗa. Sai na ji suna dariya a ƙarƙashinsa. Tun ranar da ya fita da babanki, kuka kawai gadon nan yake ji. Sai na ce bari in ƙara Alhamis ɗaya."

Muka mayar da shi ɗaki. Muna juya shi na ga yaran sun yi zane da alli a jikin itacen ta ƙasa. Na ɗauko tsumma, ta ce in bari. Na sa tebur a madadinsa, na koma na nemi gafarar Hajja, ta yi min tsiyar zalabiyarta. Sannu a hankali yaran suka dawo.

Har yau in zuciyata ta fara ɗora wa wani laifi, nakan ji muryar mahaifiyata tana tambaya ko na ji da kunnena. Yawanci ban ji ba.

Shekara biyu bayan haka ta rasu, Allah ya jiƙanta. A kan gadon aka fita da ita. Da maza suka ɗaga shi a kafaɗa, ina tsaye a bakin ƙofa, na hango zanen allin yana nan.